Muryata a Lasifikar Mai Magani

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ji muryata tana tashi a tsakiyar kasuwa ba, alhali bakina a rufe yake. Amma bari in ɗauko zancen daga tushe, kada a ce a nan ma na yi ƙari.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Dutse. Ranar Asabar kuma ina gabatar da wani ɗan shiri na wayar da kai a rediyo, irin shirin da ake sakawa idan an tabbata mutane sun tafi gona. (Masu saurarona na dindindin, a iya sanina, mahaifiyata ce da wani tela a Ringim da ke bugo waya don ya gai da abokansa.)

Maƙwabciyata a Yalwawa, Dakta Rifkatu, 'yar Filato ce, malamar jami'a, ta girme ni nesa ba kusa ba. Aikinta nazarin tsirrai, kuma a cikin tsirran ma ta zaɓi wanda ba a miya da shi, ba a jinka da shi, akuya ma ba ta cika kula shi ba. A boko sunansa okid. Na tambayi tsofaffi sunansa da Hausa, kowa ya ba ni nasa, don haka zan bar shi a okid ɗin. Irin nata ba ya hawa bishiya kamar 'yan uwansa na kudu. A ƙasa yake, da saiwa kamar ƙaramar rizga. Duk rani yana kwance shiru, sai an yi ruwan farko ya turo tsinke guda da 'yan furanni, ya ɗan sha iska, ya koma.

Ta gano wani gungu nasa a tsakanin duwatsun bayan gari, ta yi shekaru tana bin sa. Kowane tsiro ta kafa masa ɗan turke mai jan fenti da lamba. Tambayarta ɗaya ce: ƙaruwa suke yi, ko ƙarewa? Damunar bara ce za ta cike mata amsar, ta rubuta babbar takardar da za ta rufe aikinta da ita kafin ta yi ritaya.

Sau ɗaya ta taɓa kai ni wurin. Ina tafe ina zuba mata bayani kan yadda mawaƙa ke siffanta fure, ita kuwa abin da take ta maimaitawa shi ne, “Malam, duba inda kake sa ƙafa.” A nan ta gaya mini irinsa kamar ƙura yake, ba ya tsira sai ya dace da wata irin funfuna a cikin ƙasa, kuma sai ya yi shekara da shekaru kafin ya yi furen farko. Wato ba gero ba ne da za ka ce in ya lalace bana ka sake shukawa baɗi.

Na karɓi takardunta na karanta. Turanci ne irin wanda ake rubutawa don a tabbata babu wanda ya kai shafi na biyu. Sai tausayi ya kama ni, kuma tausayin mai son a ji muryarsa abin tsoro ne.

Na ce, “Dakta, haka wannan aiki zai ƙare a mujallun da ko ke da kanki sai kin sha wuya kike buɗe su? Bari in kai shi ga jama'a.”

Ta yi dariya ta ce, “Ni Hausata ta coci da kasuwa ce, ba ta rediyo ba. Ka yi, amma abin da ke rubuce kawai za ka faɗa.”

A makon ta tafi Jos jinyar yayarta. Ni kuma na shiga ɗakin watsa shiri da takardunta a hammata.

Na yi bayani har na gaji, waya ko tari ba ta yi ba. Telan ma shiru. To, malamin Hausa idan ya ga aji na gyangyaɗi, sai ya koma siffantawa. Na siffanta wurin nan kamar ina rubuta insha'in jarrabawa: hanyar da ake bi, tsamiyar da ake karyawa a gindinta, dutsen da ya yi kama da raƙumi a durƙushe, har da jajayen turakun. (Takardunta ma sun faɗi wurin, amma da lambobi, kuma rashin masu karatu ya tsare shi fiye da katanga. Ni ne na fara fassara shi zuwa harshen masu fartanya.)

Sai waya ta yi ƙara. Wani mutum ne mai kaurin murya. Ya ce, “Malam, duk mun ji, Allah ya saka. Amma shi wannan abu maganin me yake yi?”

Amsar gaskiya gajera ce: ba a san yana maganin komai ba. Amma mai bugo waya na farko ke nan da ya yi mini tambaya ta gaske tun da na fara shirin, kuma ban so ya tafi hannu wofi. Na gyara murya na ce:

“To, ɗan uwa, masana ba su gama tono abin da ke cikin saiwar nan ba. Amma ka yi tunani da kanka: mace mai digiri uku ba za ta yi shekaru tana durƙuso a gaban ciyawa a banza ba.”

Na fito ina jin daɗin jimlar. Har na maimaita wa matata ita da muna cin tuwo.

Dakta ta dawo bayan an yi ruwan shuka. Ta ce in raka ta wurin tsirranta in riƙe mata igiyar awo. A hanya muka tsaya a kasuwar wani ƙauye da ke ci ranar, za ta sayi ƙusoshi. Muna ratsa layin masu barkono sai na ji wata murya daga lasifika, mai sanyi, mai ji da kanta, irin muryar da na daɗe ina ganin ta fi ƙarfin ƙaramar rediyo.

“…mace mai digiri uku ba za ta yi shekaru tana durƙuso a gaban ciyawa a banza ba.”

Sai wata murya ta karɓa da ihu: “Kun ji da kunnenku! Basir mai tsiro, basir mai jini! Sanyin mara! Maigida, in ana raina ka a cikin gida, matso kusa!” Sai kuma ni: “…a banza ba.” Haka abin yake zagayawa, ni da shi, kamar mun yi shekara muna gwaji.

Na so in ja ta mu bi wani layin. Ta riga ta yi gaba.

Wata tsohuwar mota ce an buɗe bayanta, an ɗora lasifika a kai. A ƙasa an shimfiɗa buhu, an tsiba saiwoyin kashi-kashi kamar dankali. Kowane kashi an ɗora masa jan turke guda.

Mai maganin, wani siriri mai tabarau baƙi, ya ga mace da jaka ya taso. “Hajiya, na maigida za a ba ki ko naki? Ki duba da kyau, mai jan turke shi ne na asali, har da lambar Daktar a jiki. Duk wanda ya ba ki babu turke, jabu ne.”

Da na yi shiru, da wataƙila mun wuce. Amma na buɗe baki na ce, “Bawan Allah, don girman Allah kashe wannan abin.”

Ya tsaya. Ya zare tabarau. Ya dubi lasifikar, ya dube ni.

“Sake magana, Malam.”

“Na ce ka kashe…”

“Wallahi shi ne! Jama'a, ga Malamin da kansa! Allah ya kawo mana shi har gida!”

Kafin in ankara ya danƙa mini makirufo, mutane sun yi mana zobe. Wani dattijo ya kama hannuna da hannu biyu yana cewa, “Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma da kunu ake sha ko da shayi? Ni na sha da kunu, cikina ne kawai ya murɗa.” Wani daga baya ya ɗaga murya: “Malam, kai ma shi kake sha? Don ga ka nan garau!” Aka kwashe da dariya. Ina riƙe da makirufo, ni da nake koyar da balaga, abin da ya fito daga bakina ta lasifikar nan shi ne, “A'a… wato… ba haka ba ne.”

Sai mai maganin ya juya wajen Dakta, idonsa ya ƙara buɗewa. “Kar dai ke ce mai digiri ukun? Ranki ya daɗe! Ku ba ta kujera!”

Ba ta zauna ba. Ta durƙusa a gaban buhun, ta ɗauki turke ɗaya ta goge ƙasar da ke jikinsa da babban yatsa, ta karanta lambar. Ta ce, ba da ni ba, ba da kowa ba, “Wannan tsiron shi na fara samu.” Ta sa shi a jaka. Mai maganin ya dubi fuskarta, ya ja baya ya ba ta hanya.

Mun je wurin duk da haka. Ramuka ne kawai, ruwan sama ya kwanta a cikinsu. Na tsaya da igiyar awo a hannu, babu abin aunawa. Na jira ta zage ni, don da ta zage ni da na samu sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, “Malam, dama tambayata ko za su ƙare ce. Ka ga an amsa mini.”

Asabar ta gaba na koma rediyo na ƙaryata kaina da kaina. Na ce saiwar ba ta maganin komai, mai yiwuwa ma ta yi illa, a bar tonon ta. Na yi maganar a fili, babu ado ko ɗaya. Kasuwa ta gaba sai ga ɗalibaina da labari: mai maganin ya ƙara sabon yanki a faifansa. Yanzu bayan jimlata ta farko sai a ji ni ina cewa “ba ta maganin komai”, sai shi ya karɓa: “Kun ji ko? Manya sun kira shi sun ja masa kunne! Abin da ake ɓoye wa talaka ke nan!” Aka ce har daga Kafin Hausa ana zuwa nema.

Babbar takardar ba ta fito ba. Dakta ta rubuta wata 'yar gajera a madadinta, kan yadda gungun tsirrai ke ƙarewa a damuna guda. Har yanzu muna gaisawa ta kan katanga, matata na aika mata da dambu, ita tana aiko mana da acca. Kwanan baya na ga ta fito da sassafe da takalmin daji da gwangwanin fenti, fuskarta da ɗan haske. Na leƙa ta kan katanga.

Na ce, “Dakta, kar dai an samu wasu?”

Ta ce, “'Yan kaɗan.”

“Alhamdu lillahi! A ina?”

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, “A Najeriya.”

Na ce Allah ya kiyaye hanya, na koma ciki. Na dai fahimci cewa ba kowane ilimi ne ke neman mai kai shi ga jama'a ba. Wani, babbar hidimar da irina zai yi masa ita ce ya riƙe igiyar awo, ya kama bakinsa.