Rasuwar Mai Tumbi, Tulun Giyata na Farko

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin ƙafa mai cike da ɓaraguzan gilashi, ni Lam Thieu na layin bayan kasuwa a Can Tho nake sanar da rasuwar Mai Tumbi, tulun gilashi mai cin lita ashirin. Ya cika ranar Talata da tsakar rana, yana da kwana goma sha ɗaya a hannuna, ɗauke da giyar farko da na taɓa haɗawa.

Marigayi mai haƙuri ne. Na ɗura masa ruwan tsiron sha'ir da na ƙona a gindin tukunya, ya karɓa hannu bibbiyu. Zafi kawai ya ƙi a duniya, shi ya sa na zaunar da shi cikin baho da ƙanƙara, na yafa masa jiƙaƙƙen tawul, na juya masa fankar ɗakinmu. Matata ta ce shekara shida da aure ban taɓa yi mata fifita haka ba. Gaskiyarta ce, amma ita ba ta tsima. Maganar marigayi ɗaya ce, ta ɗan bututun da ke kan murfinsa inda iska ke fita: "Bulub." Jim kaɗan kuma, "Bulub."

Ajali ya zo ta hannun Goggo Bay, yayar mahaifina, wadda ta iso taya mu sharar gida kafin Tet, bikinmu na sabuwar shekara. Shekara arba'in tana tsima kifi da gishiri, kuma a iliminta duk abin da ke tsima sai an toshe bakinsa tam an kai shi rana. Ta ga tulu a inuwa, cikin ruwa, ga rami a murfi. Ta ce yaran zamani ba su san komai ba. Ta cire bututun, ta cusa toshiya, ta naɗe da leda da roba ninki uku, ta gangara da shi tsakar gida kusa da tulunanta.

Bai daɗe yana jinya ba. Maƙwabta sun ce kalmarsa ta ƙarshe ita ce "Tum!", har kajin gida uku suka watse. Goggo ba ta ji ciwo ba, kuma har yau tana nan kan cewa tulun ne rago.

Ya bar tiyo ɗaya, ma'aunin zafi, da kwalabe arba'in wankakku da ba su san sun zama marayu ba. Ya bar ni kuma da surukina, Baba Khuong, wanda na cika wa baki a gaban 'ya'yansa cewa bana giyar hannuna zai sha ranar biyu ga sabuwar shekara. Wannan ne karo na farko da dattijon ya dube ni kamar zan yi abin kirki, har ya gayyato abokansa. Wallahi tsoro nake ji.

Za a yi jana'iza gobe da safe. Za a kafa ɓaraguzansa da siminti a kan katangar baya, ya ci gaba da hidima yana tsare gida daga ɓarayi. Ba a buƙatar furanni ko turare. Masu zuwa ta'aziyya, kowa ya taho da giyar shago kwalba biyar, a jiƙa a ɓare takardar kamfani da ke jikinsu tun daga gida. Kuma don girman Allah, kada kowa ya nuna wa Baba Khuong wannan sanarwa.