Fakon da Muka Fasa, Na Wa Ne?

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Furojen Raya Fako, mai buro, wato ofis, har biyu, ɗaya a Illela ɗaya a Konni, mai farar mota da ba ta tsoron kwazazzabo. Allah ya ƙara girma, ya tsare tayoyi.

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga babba, da tambayar iyali da gajiyar aiki, ni ce Tabawa matar Labo, daga Tudun Ƙirya. Ka san ni, ko da ba ka san sunana ba. Ni ce ta uku daga hagu a hoton nan da ke bangon buronka, mai diga a kafaɗa da goyo a baya. An ce hoton ya je har ƙasar Turawa. Ni ko birnin Tawa ban taɓa zuwa ba, amma na yi murna da ya je a madadina.

Karatun manya da aka kawo mana ne ya ba ni ƙarfin halin riƙe alƙalami, saboda haka idan na yi rashin kunya, laifin malamar ne. Ga 'yan koke-kokena, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. Tun yunwar tamanin da huɗu damina ta sauya hali. Ta zo a makare, ta zubar da ruwan wata guda a yini ɗaya, ruwan ya bi fako ya wuce ko sallama babu. Da ka zo ka ce akwai dabarar tare shi, mun yi farin ciki ƙwarai. Ka ce a turo manoma Konni su koyi haƙa ramin tare ruwa mai siffar rabin-wata da ƙananan ramukan da ake zuba wa taki. Aka cika babbar motar kamiyo da manoma, duka masu gemu. Sun ci shinkafa, sun dawo da huluna masu sunan furoje. Da aka gama girbi suka tafi cin rani da ilimin a cikin kawunansu. Maigidana Labo yana Legas yana sayar da shayi, damina uku ke nan bai leƙo ba. Ina fata mutanen Legas suna amfana da rabin-wata.

Na biyu. Da rani ya yi, wa aka tarar a gari? Mu da tsofaffi da awaki. Mu muka fasa fakon nan, ƙasar da diga ke tsalle idan ta sare ta. Mu muka ɗauko duwatsu a ka muka jera, muka kwaso kashin awakinmu a ƙwarya muka zuba rami-rami. Ba na raina alkama da man gwangwani da aka ba mu, Allah ya saka. Sai dai allon da ka kafa a bakin hanya, wani ƙato aka zana a kai riƙe da diga. Mun duba garin kaf ba mu gane shi ba. Idan ka san inda yake, a gaya masa akwai sauran aiki.

Na uku. Taron komite da hantsi ake yin sa, daidai lokacin da muke bakin rijiya, rijiyar da kowace shekara sai mun ƙara wa igiyarta tsawo. Ka lura ba ma zuwa, kuma cikin adalcinka ka ce lalle a sa wakilin mata. Aka zaɓi Munkaila, saboda yana da murya. Mutumin kirki ne, ba mu da ƙorafi a kansa. Shin a Konni haka ake yi, namiji ya wakilci mata? In haka ne, ni ma a ba ni wakilcin maza, na fi Munkaila sanin halinsu.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na zauna rubutu. Bana dawa ta tsaya a fakon nan ta fi ni tsawo. Ranar da na ga ta fitar da kai sai da na yi hawaye, ba na jin kunyar faɗa. Yanzu mun ji bayan girbi za a raba wurin ga masu gida. Yankin da na haƙa zai zama na Labo, kuma tun da Labo ba ya nan, wansa Badaru ne zai riƙe masa. Lokacin da wurin yake fako Badaru ko jakinsa ba ya ɗaurewa a can. Yau kullum yana zagaya shi da hannu a baya, har ya ce zai haɗa shi da gandu. Ma'anar haka dawar za ta shiga rumbunsa, ni da 'ya'yana huɗu mu riƙa jira a auno mana. Ban nemi gonar kakannin kowa ba, ranka ya daɗe. Ƙasar da ta mutu muka tayar, kuma ina roƙon a bar wa kowace mace yankin da hannunta ya yi kanta a kai.

An sanar da mu cewa manyan baƙinka daga Turai za su zo kafin girbi, mu sa zannuwan salla, mu ɗauki diga, mu yi guɗa. Za mu yi duka, guɗa ba ta gagare mu. Abu ɗaya ke damunmu. Akwai wata Baturiya a cikinsu mai yawan tambaya, bara ma sai da ta kama tafin hannuna ta duba. Bana za ta ga dawa, kuma tabbas za ta sa tafinta ya tambaye ni gonar wa ce. Don Allah ka aiko mana amsar tun da wuri mu haddace, domin idan aka bar mu da kanmu, gaskiya za mu faɗa.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama da furoje lafiya.

Taka mai biyayya, wadda ba ta taɓa makara wurin aiki ba,

Tabawa matar Labo,
Tudun Ƙirya, ƙasar Illela.
Satumba, 1991.