Yadda Za Ka Talauta Garin da Aka Gano Zinare

An gano zinare a bayan garinku, kuma kai aka naɗa shugaban hukumar da za ta kula da shi? Barka da arziki. Bi matakan nan, ni na tsaya maka: kafin yaran da aka haifa bana su yi wayo, garin zai tsiyace tas, kai kuwa tumbinka zai dinga riga ka shiga ofis. Dabarar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba.

1. Fara da dangi

Kujerar babban injiniya ta ƙanin matarka ce. In wani mai tsaurin ido ya ce ai gyaran rediyo ya koya, ka ce, "To, zinare da waya ba duk ƙarfe ba ne?" Za a yi dariya. Dariyar da aka yi wa barkwancin shugaba kuwa, sa hannu ce.

2. Ka karrama mai bincike

Akwai wata ma'aikaciya mai tabarau da za ta shigo ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwan wankin zinaren nan rafi yake gangarawa, kuma doka ta hana." Kada ka yi fushi, fushi na ƙananan ma'aikata ne. Yaba mata a gaban kowa, ƙara mata girma, ka ba ta ofis a ƙarshen baranda, mai labule da fanka, amma ba waya, ba mota. Ita kuma dokar, a sa ta a gilashi a rataye bayan kujerarka. Ta fi kyau a can.

3. Raba mutane da gona

Manomi yana da baki, don rumbunsa a cike yake. Bari kowa ya yar da fartanya ya faɗa rami. Ranar da tela ya rufe shago, malamin makaranta ya koma dakon ƙasa, kira 'yan jarida ka ce an samar da aikin yi.

4. Gina abin da ake hangowa daga titi

Asibiti ya fi. Fenti, ƙofar gilashi, ƙaton allo mai sunanka. Likita da magani ba sa fitowa a hoto, kada ka wahalar da kanka.

5. Idan abin ya iso gida

Wata safiya ƙanwarka za ta kira ka tana kuka: "Yaya, Inna ce. Tun jiya take amai, an ce ruwan rafin ne." A nan ake gane ƙwararre. Ka ɗauko tsohuwa, ka kwantar da kanta a cinyarka, ka ce wa direba ya taka. Shi kuma, don neman suna, zai tsaya a asibiti mafi kusa, wato naka.

Mai gadi zai rugo ya buɗe ƙofar gilashin yana sara maka. Ciki ba gado, ba kowa, sai awaki kwance a inuwa suna tuƙa. Inna, da ba ta iya karanta allon sunanka ba, za ta ɗago kai da ƙyar, ta dubi wurin, ta ce, "Ɗan nan, wane marar tsoron Allah ne ya gina wannan?"

Kada ka yarda ku haɗa ido da direba. Gyara murya ka ce, "Za mu kafa kwamiti, Inna, mu gano shi."

Gargaɗi: ni shawara kawai na bayar, ban haƙa ramin kowa ba. Wanda ya bi ta ya kwana lafiya, sa'arsa ce. Wanda kuma mahaifiyarsa ta warke ta ji labari a bakin maƙwabta, kada ya neme ni. Bakin uwa ba ya cikin abin da na karanta.