Motar da Ba Ta Rage Hanya

Akwai wani maƙwabcinmu a Tudun Wada, Alhaji Tanimu mai tayil, wanda Allah ya haɗa masa babbar mota da kunya. Kullum kafin ya gama karin kumallo mutane sun taru a ƙofar gidansa, daga mai zuwa asibiti sai mai zuwa tasha, har da mai kai niƙa. Kowa ya ce, "Ai hanyarka ce, Alhaji," ko da shi gabas zai yi su yamma. Shi kuma bakinsa bai iya a'a ba. Ya fita ƙarfe bakwai, sai sha ɗaya zai buɗe shago, masu saye sun gaji da jira sun shige na kusa da shi. Abin yana ba ni haushi ƙwarai. Ni ma yana sauke ni a bakin kasuwa, amma ni ba na zuwa da kaya.

Ana nan sai ya ji wani tsohon injiniyan jirgin ƙasa, Malam Bawa, ya sa motarsa a kasuwa. Tsohuwar Marsandi ce ƙirar Jamus, ruwan madara, kujera biyu rak, rufinta na tamfol ana naɗe shi baya. Alhaji bai gaya wa kowa inda za shi ba. Duk da haka da mutum shida ya isa gidan Malam Bawa, cikinsu har da wata tsohuwa da kajinta.

Ya bar su a mota, ya zagaya Marsandin sau uku. Ya leƙa bayan kujerun ya ga ko jaka ba ta shiga, ya buɗe but, wurin sa kaya, ya ga buhun masara ba zai zauna ba. Sai ya yi ajiyar zuciya, ya tambayi kuɗi.

Malam Bawa ya faɗa, ko ɗaga kai bai yi ba daga goge fitilar motar.

Alhaji ya ce, "Haba Baba! Motar da ta girme ni? Wannan kuɗin ai bas zai saya mini, sabuwa fil, mai cin mutum goma sha takwas."

Malam Bawa ya ce, "Zai saya."

"To a duba mini, Baba. Kujera biyu ce fa kawai."

Daidai nan wani ya danna hon a motar Alhaji, tsohuwar ta leƙo ta taga ta ce, "Alhaji, a yi sauri mana, rana tana yi!"

Malam Bawa ya dubi motar, ya dubi kajin, ya ninke tsummansa a hankali. Ya ce, "Kujeru biyun nan kyauta na ba ka, Alhaji. Waɗanda babu su ne masu tsada."