Baƙuwa Mai Wutsiya

Ko da zan manta da komai a zamana na Wudil, ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba, ana saura 'yan makonni a ɗaura mini aure. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, kafin kunya ta biyo baya ta rufe ni.

Ni ɗan birnin Kano ne, koyarwa ce ta kawo ni jami'ar da ke garin. A shekarar an tafi yajin aiki mai tsawo, ɗalibai duk sun watse. Abokina Bitrus, wani mutumin Filato da ke aiki a ɗakin karatu, da zai tafi gida sai ya bar mini wani ƙaton littafi na tsofaffin labaran ƙasar Sin da aka fassara zuwa Turanci. Ya ce in rage zaman banza da shi. (Allah Ya saka masa, amma har yau ban gama yafe masa ba.)

Na buɗe littafin ina zaton duka da tsalle-tsalle zan tarar, irin na fim. Sai na iske mutane kamar mu. Ga talakan ɗalibi ya kwashe shekaru yana karatun jarrabawar shiga aikin gwamnati yana faɗuwa, ga manomi yana kallon sama yana jiran ruwa, ga ɗa yana durƙusa wa uwarsa, ga alƙali mai son abin hannu. Littafin ya shiga raina sosai. In na tsaya a kan gada da yamma ina kallon masunta a cikin kwalekwale, sai in ga kamar daga cikin shafin da na karanta suka fito. Har na fara jin kaina wani babban masani, ina gyaɗa kai ni kaɗai ina cewa ashe ɗan Adam ɗaya ne ko'ina.

Matsalar ta fara ne da na kai tsakiyar littafin. A can labaran suka juya. Mutanen Sin na dā sun yarda cewa yanyawa, dabbar nan mai kama da dila, in ta daɗe a duniya takan rikiɗe ta zama mace. Ba kuma kowa take zuwar wa ba, sai mai karatu, wanda ke zaune shi kaɗai a wani tsohon gida a bayan gari. Za ta shigo ba motsi, fuska a rufe, ta zauna da shi, shi kuwa ya yi ta ramewa har ya mutu. Abu ɗaya ne ke tona mata asiri: wutsiyar ba ta ɓoyuwa gaba ɗaya, wani lokaci takan leƙo ta ƙarƙashin tufafi.

To ni fa mai karatu ne. Ni kaɗai nake zaune. Gidan da na kama don amarya kuwa shi ne na ƙarshe a layinmu a Sabon Gari, ya daɗe ba kowa a ciki, ga kuma wata tsohuwar tsamiya a bayansa. Da na tare, wani dattijo ya tambaye ni ko ni kaɗai nake kwana a ciki, na ce e, ya dube ni ya ce Allah Ya tsare, ya wuce. A lokacin ban ɗauki maganar da komai ba. Bayan littafin nan sai ta dawo mini sabuwa. Ni da nake yi wa mutane dariyar camfi, sai ga ni na daina karatu da zarar an kira magariba, in akuya ta yi tari a waje sai na leƙa ta taga.

A gefe guda kuma ga wata fargabar ta gaske. Hafsatu, yarinyar da zan aura, 'yar Kausani ce, wani ƙauye kusa da Wudil, kuma yayar babanta ce ta riƙe ta tun tana ƙarama. Kowa Goggo yake ce mata. Baban ya faɗa wa waliyyaina ƙarara cewa maganar Hafsatu a hannun Goggo take, in ta ce a fasa an fasa. Ni ban taɓa ganin Goggo ba, amma na samu labarin ba ta cika natsuwa da ɗan birni ɗan boko ba, da ƙyar aka shawo kanta. Hafsatu ta ce mini mata za su zo ganin ɗaki ranar Asabar, don a san girman gado da kujerun da za a saya, in share gida in bar musu ƙofa a buɗe in yi tafiyata.

Ranar Juma'a da hantsi na share gidan tas, na watsa ruwa, na bar ƙofar gida a buɗe don iska. Layin shiru, maza duk sun tafi kasuwa, don Juma'a ce ranar kasuwar Wudil. Zafi ya ishe ni, na tuɓe daga ni sai singileti da gajeren wando, na kwanta a tabarma na ɗauki littafin, tunda rana ce tsaka ai babu abin tsoro. Na manta sarai cewa a wajenmu ma tsakar rana ba lokacin wasa ba ne.

Ban ji sallama ba. Abin da na ji kawai shi ne kamar an ja takalmi a tsakar gida. Na fito da littafin a hannu, sai na ga mace a tsaye, doguwa, siririya, ta lulluɓe da farin mayafi. Tana ganina ta juya da sauri ta fuskanci bango.

Na yi mata sannu. Shiru. Na ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Sai ta ƙara jan mayafin ta rufe fuska, ta matsa jikin bango. Na ce wa kaina kai, malamin jami'a ne kai, ka natsu. Don in natsu ɗin ne na sauke idona ƙasa, kuma da ma ban sauke ba. Ta ƙarƙashin mayafin, ta baya, wani abu ne ya sauko har kusa da diddigenta, launin ƙasa-ƙasa, bakinsa buzu-buzu da gashi. Da ta ƙara motsawa, shi ma ya motsa.

Ban san ana jin tsoro har a haƙori ba sai ranar. Na buɗe baki zan karanta Ayatul Kursiyyu, na kai tsakiya ta ɓace mini, na koma farko ta sake ɓacewa, na tsinci kaina ina maimaita addu'ar cin abinci da ƙarfi. Na lalubi butar da ke bakin ƙofa, na yi tofi a ciki, na watsa mata ruwan a baya ina cewa ta fita don girman Allah, ni ban yi mata komai ba, aure ma zan yi. Ta ɗan zabura, amma ba ta juyo ba, ba ta kuma ce uffan ba. Wannan shirun shi ya ƙarasa ni.

Tana tsakanina da ƙofar fita, saboda haka na yi ta katanga. Ni da ban taɓa hawa ko bishiyar mangwaro ba, ban san yadda aka yi ba sai ji na yi na faɗa gidan maƙwabcina, a tsakiyar matansa suna gyaran kifi. Suka ga ƙato da gajeren wando ya diro daga sama, suka kwarma ihun ɓarawo. Ni kuma ina ta ihun aljana. Kafin a gane ni na sha muciya a gadon baya, kuma ban ga laifin mai muciyar ba.

Mutane suka taru a waje, tsofaffin da ba su je kasuwa ba da masu shirin tafiya masallaci. Na rantse musu na ga mace mai wutsiya a gidana da idona. Har na fara yi musu bayanin yadda abin yake a ƙasar Sin, dattijon nan ya ce in yi shiru haka nan. Aka ɗauko sanduna, aka sa wani mai ruƙiyya a gaba, ni ina can baya na leƙo ta kafaɗar mutane.

Muna isa ƙofar gidan sai ga adaidaita ta tsaya. Mata suka fito da ledojin kasuwa, a gabansu Yaya Binta, yayar Hafsatu, wadda ta san ni sarai. Ta dubi sandunan, ta dube ni tun daga singileti har ƙafa, ta ce, "Malam, lafiya? Goggo ba ta iso ba ne? Mun tsaya sayen labule ta ce za ta yi gaba."

Sai a lokacin na gane wadda na watsa wa ruwa.

Aka shiga. Goggo tana cikin ɗakin amarya a durƙushe, bayan mayafinta sharkaf da ruwa, tana auna bango da igiyar rama. Igiyar ce ta ɗauro a ƙugu tun daga Kausani, don ita ba ta yarda da awon tef ba, da igiya aka auna ɗakin kowace 'ya a gidansu. Bakin igiyar ne ya warware ya yi buzu-buzu. Sun zo Juma'a ne saboda ranar kasuwa ta fi sauƙin mota, an kuma ce musu ango ba ya nan. Shirun kuwa, ai Hafsatu 'yar fari ce a wajenta, don ita ce 'yar da ta fara riƙewa. Mace irin Goggo ba ta haɗa ido da mijin 'yar fari, ba ta amsa masa magana, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta same shi da gajeren wando. Na san da wannan al'ada, amma a birni surukai har waya suke yi da mazan 'ya'yansu, sai na ɗauka ta zama tarihi.

Tsoron da na ji a kwanakin da suka biyo baya ya fi na wutsiyar. Labari ya riga matan isa Kausani. Wasu suka ce ango yana da taɓin hankali, wasu suka ce shaye-shaye yake yi, wasu suka ce karatu ne ya yi masa yawa. Hafsatu ta daina ɗaukar wayata. Na kasa cin abinci, na rame kamar mutanen cikin littafin, ba tare da wata yanyawa ta taɓa ni ba. Ina son yarinyar nan ƙwarai, kuma na tabbata na rasa ta da hannuna.

Sai da aka kwana biyu sannan ta kira, muryarta tana rawa, ban gane kuka ba ne ko dariya. Ta ce baffanninta sun taru sun ce a dakata, aka tambayi Goggo. Goggo ta ce ita ba ta ga hauka ba, tsoro ta gani. Ta ce mutumin da ya firgita bakinsa ya kama sunan Allah bai kama ashar ba, a ba shi. Sannan Hafsatu ta ƙara da cewa, "Amma ta ce in faɗa wa mai gidan nan ya koma islamiyya, Ayatul Kursiyyunsa da saura."

An ɗaura aure, gadon kuma ya shiga ɗakin daidai, ko yatsa bai rage ba. Na gama littafin daga baya, da rana, sanye da dogon wando, kuma har yanzu ina ganin mutanen Sin 'yan uwanmu ne. Sai dai na gane cewa na san yadda baƙuwa take shiga gidan mai karatu a can ƙarshen duniya, ban san yadda suruka take shiga gidan surukinta a Wudil ba.

Yaya Binta takan tsokane ni, maƙwabta ma haka, 'ya'yana sun ji labarin a bakin kowa. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ba kuma za ta taɓa ba. In na je Kausani na durƙusa a bakin ƙofarta ina gaisuwa, Goggo takan juya ta fuskanci bango kamar kullum. Ni dai nakan ga kafaɗunta suna girgiza.