Dishewar Jitar Alhusaini

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin nan ta Gwagwalada ba, ko da kuwa na so in manta.

Sana'ata sayar da kayan sauti da bayar da su haya. Da teburin rediyo na fara a bakin titin Masaka, har Allah ya ba ni shago. Ba wanda ya koya mini, kunnena ne jarina. Mu 'yan kasuwa ƙa'idarmu biyu ce. Lasifikar da ta dishe ta yage. In kuma mai saye ya zo, ka murɗa tirebul, mamurɗin kaifin sauti, har ƙarshe, sautin ya keta ƙarar janareto da hon ɗin motoci, ya ji kayan sabo fil. (Da wannan dabarar na yi aure na gina gida, shi ya sa na riƙe ta kamar karatun allo.)

Alhaji Sabo, abokina tun muna talla, shi zai aurar da 'yarsa. An matso da bikin ne saboda uwar amarya, Hajiya Tamu, wadda ciwo ya ci ƙarfinta. 'Yar Agadas ce, kuma abu ɗaya ta roƙa: a kaɗa mata jitar garinsu ta ji. Likita ya yarda a fito da ita, amma na ɗan lokaci. Alhaji ya nemo wani makaɗi Buzu mai suna Alhusaini, ni kuma ya ce in kawo kayan sauti.

Jitar Alhusaini ta lantarki ce, irin mai siraran maganaɗisu ukun nan masu ɗaukar sautin tsirkiya, murya gare ta kamar allura. Ya zo da wata 'yar tsohuwar amfilifaya, akwatin ƙara sauti mai lasifika a jikinsa, wadda ko kyauta ba zan karɓa ba. Ya ƙure ta sai da ta dishe, ya rage tirebul, ya ƙara sautin tsakiya, ya sassauta mamurɗin da ke jikin jitar, sannan ya taka wani ɗan akwati mai ƙara dishewar. Ya ce in ajiye makirifo a bakinta kawai.

Na ce masa lasifikar nan ta yage. Ya ce a'a, irin wannan jitar cizo take yi, 'yar amfilifayar ce ke cinye kaifin ya koma gurnani. "Oga, a bar ta haka," in ji shi. Na yi murmushi. A raina na ce mai tsohon kaya ba ya rasa hujja.

Aka kira la'asar. Ina sallamewa na rigaye su dawowa. Na zare wayar jitar daga 'yar tsohuwar amfilifayar, na sa ta kai tsaye a manyan lasifikuna, na murɗa tirebul yadda na saba. Don kada ma ya yi gardama, na kai amfilifayar tasa cikin but ɗin motata na kulle. (Motar da ba a jima ba motocin 'yan ɗaukar amarya suka rufe ta gaba da baya.)

Aka turo Hajiya a keke, ta rame ainun, an lulluɓe ta da shuɗin mayafi. Ni kuwa sai da na karɓi makirifo na faɗi sunan shagona, na ƙara da cewa, "Hajiya, yau za ki ji Agadas tangaran."

Alhusaini ya dawo a gurguje, ya rataya jita, ya taka akwatinsa, ya kaɗa.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin yankan tayil ya san abin da ya fito. Mata suka toshe kunnuwa, jarirai suka tsala ihu. Hajiya ta zabura, ta riƙe kanta da hannu biyu, ta fara haki. Alhusaini ya bi wayar da ido har ta kai shi gabana.

"Ina amfilifayata?" Abin da ya tambaya ke nan, a hankali.

Na fita da gudu da babbar riga, ina bin baƙi ɗaya bayan ɗaya ina roƙon a janye mota in samu in buɗe but. Kafin in dawo da amfilifayar a ka, gumi sharkaf, an riga an mayar da Hajiya asibiti.

Ya kaɗa daga baya, da dishewarsa. Sauti ne mai kauri, mai ɗumi, kamar dattijo yana waƙa a hankali. Na saurara ina kallon wurin da kekenta ya tsaya ɗazu.

Ba ta ga ƙarshen watan ba. A wurin ta'aziyya na fara ba Alhaji haƙuri, ya dafa ni ya ce, "Bar shi, Allah bai nufa ta ji ba." Da ma marina ya yi.

Maƙwabcina a kasuwa har yau in ya ga na nufi kayan wani sai ya ce ga mai gyaran gangar Auzinawa. Ba na musu, illa dai a wannan karon Ba'auzinen ba shi da laifi. Yanzu in makaɗi ya ce a bar ta haka, ko kukan jaki take yi, hannuna na aljihu.