Ranar da Na Rufe wa Motar Alhaji Baki

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a Bompai ba, shekaru kaɗan bayan an mayar da tuƙi hannun dama, lokacin ina gyaran wuta a wata masaƙar barguna. Gwajin wata uku aka ɗauke ni, saura sati ɗaya a ce mini zauna ko kama gabanka. Matata kuma tana Hotoro da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Mai hankali a irin wannan hali takatsantsan yake yi. Ni kuwa filaya a aljihun dama, sukundireba a na hagu, ji nake ko jirgin sama ne ya lalace ni za a nema.

Ga abin da ya kumbura mini kai. A watana na farko jiniyar gobara ta kamfanin ta mutu, sai na samo hon na wata tsohuwar mota, na haɗa shi da batir, na kafe a bakin sito. Foman ya tara ma'aikata ya ja musu kunne: duk wanda ya ji hon ya ɗauka bai tsaya ba, to wuta ce, kowa ya suri bokiti. Inda ake tara auduga ba a wasa da wannan magana. Tun daga ranar ake ce mini Injiniya (ni ma ban taɓa cewa a daina ba).

Ana nan sai Alhaji mai kamfanin ya sayo wata doguwar mota daga Amurka. Mota har mota, sai dai akwai tsegumi. Da ya zauna a gidan gaba (ba ya son baya, wai jiri yake sa shi) sai ta kama kuka, ƙiii, ba za ta yi shiru ba sai ya ɗaura bel. Alhaji kuwa mutum ne mai ji da babbar riga. Shaddar da ta sha bugu tana ɗaukar ido, a ce a tamke ta da igiya kamar bakin buhu? Ina!

Da hantsi ya sa aka kira ni, don bayan azahar zai je tarbar baƙi a filin jirgi.

"Injiniya, an ce babu abin da ke gagarar ka. Rufe wa wannan abar baki."

"Ranka ya daɗe, aikin minti goma ne," na ce, har da dukan ƙirji.

Direbansa, Baba Ilu, dattijo ne mutumin Damagaram, tun kafin a haife ni yake jan mota. Yana goge gilashi ya matso ya ce, "Ɗana, kafin ka yanke komai, tsaya in nuna maka wani abu."

"Baba, ku dai ku ji da sitiyari, wuta kuma ku bar wa masu ita."

Ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya koma gindin darbejiya ya zauna.

Na kutsa kai ƙarƙashin sitiyari, na tarar da wayoyi cunkus kamar taliya. Ina danna kujerar Alhaji da hannu tana kuka, ina datse waya. Ta farko, tana kuka. Ta biyu, tana kuka. Sai a ta huɗu ta yi shiru. Da na zo mayar da sauran ukun sai na lura na manta wane baki ne na wace waya, ga shi biyu daga ciki duk baƙaƙe ne. Na yi canke, na murɗe, na naɗe da salatif. Na goge kujerar tas, na kunna mota, tsit. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban sake danna kujerar ba, balle in zauna in gwada. Wa ya isa ya ɗora wando mai baƙin mai a mazaunin Alhaji?

Bayan salla Alhaji ya fito cikin farar shadda, ƙamshi na tashi. Na buɗe masa ƙofa da kaina, ina jiran yabo. Yana zama sai hon ɗin motar ya ɗauka, baaaa, ba tsayawa. Baba Ilu ya kashe mota, hon bai san an yi ba. Alhaji na ciki yana faɗa, babu mai jin abin da yake cewa. Can sai ga hayaƙi siriri yana fitowa daga inda na yi aikina.

Kafin ka ce kwabo ƙofofin masaƙa sun buɗe, ma'aikata suka ɓarko da gudu, kowa da bokiti, yadda aka koya musu. Foman ya hango hayaƙi ya kwarma ihu, "Motar Alhaji ce! Ku ceci Alhaji!" Ina ɗaga hannu ina cewa a tsaya, wa zai ji ni? Ta taga suka riƙa sheƙa ruwa, masu yashi suka bi baya. Ƙarti biyu suka sunkuto Alhaji waje, kuma yana barin kujerar hon ya yi ɗif.

Alhaji na tsaye, hula a ƙasa, shadda ta manne a jiki, yashi har cikin gemu.

"Ina Injiniya?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Wallahi babu abin da ya faɗo mini a rai sai matata, da bakin da zan gaya mata an kore ni.

"Tattara naka ya naka," in ji Alhaji.

Sai Baba Ilu ya durƙusa a cikin caɓalin nan. "Alhaji, a yi haƙuri. Laifin namu ne mu biyu. Na san maganin abin, na zuba ido yaro ya shiga. Iyalinsa kuma haihuwa yau ko gobe, kada a haɗa musu zafi biyu." Ya tashi ya jawo bel ɗin, ya ɗaura shi a kan kujerar ba kowa. "In kuka zauna a kansa haka, ba za ta yi kuka ba. Haka nake yi wa tawa kujerar tun ranar da motar ta iso."

Ke nan abin da ya so ya nuna mini. Maganar da na yaɓa masa da safe kuwa, ko da wasa bai ambata ba.

Alhaji ya dubi bel, ya dubi rigarsa, ya dube ni. Sai dariya ta ƙwace masa, yana yi yana tofar da yashi. "Ka ci albarkacin Baba. Maza ka mayar mata da kukanta yadda ka same shi." A akori-kurar kamfani ya tafi gida sauya kaya.

Har la'asar sakaliya Baba Ilu na tsugune kusa da ni, yana riƙe mini bakin waya ina haɗawa. Na ba shi haƙuri, ya ce, "Haɗa baƙar nan tukuna, ɗana."

Sati na cika aka tabbatar da ni a aiki. Na ci alwashin in namiji aka haifa sunan Baba zan sa masa, sai Allah ya kawo mace. Da na gaya masa ya ce gara haka, kada takwaransa ya gaje shi a tuƙi. Allah ya jiƙan Baba Ilu, tuwon da 'ya'yana suka ci a gidan nan da hannunsa a ciki.

Abin da na koya kuwa bai taka kara ya karya ba: in dattijo ya ce tsaya in nuna maka, to mayar da filaya aljihu. Yanzu ko motar wa na shiga ta fara kukan bel, ba na musu da ita, ɗaurawa nake yi, riga ta yamutse in ta ga dama.